Tabon da Na Bar wa Itacen Tsoho Joakim

Asabar: Al Thumama zuwa Lisbon

Ƙarfe huɗu da minti goma na asuba na kulle ɗakina a unguwar Al Thumama. Na riga na yi sallah, domin a Doha cikin watan Yuni alfijir kan keto tun uku da 'yan mintoci. Abdul-Razak, wani direba ɗan Zangon Kumasi da muke sallah a masallaci ɗaya, yana jirana a ƙofar gida.

"Yalla, mu tafi, Malam Nafi'u! Kai da littafi har da asuba? Ina kuma aka nufa?"

"Fotugal. Taro za mu yi a kan itatuwan ƙasashe masu ƙarancin ruwa."

"Ka baro iccen Najeriya, ka zo inda babu icce, yanzu kuma sai Turai kallon icce. Khalas, shi ke nan, Allah ya kai lafiya."

Minti goma sha bakwai muka yi zuwa filin jirgi. Jirginmu ya tashi takwas saura kwata, muka sauka Lisbon wajen ƙarfe biyu na rana agogonsu, wanda Doha ta riga shi da awa biyu. Jami'in shige da fice ya duba takardar gayyata, ya tambaye ni yaushe zan koma, ya buga hatimi.

A hanya, maganar Baba nake ta juyawa a raina. Mahaifina mai maganin gargajiya ne a ƙauyenmu da ke kusa da Gumel, ya san itatuwa fiye da duk littattafan da na karanta. Kwana ɗaya kafin tafiya na gaya masa a waya cewa a can akwai itacen da ake tuɓe wa ɓawo kamar riga, kuma ba ya mutuwa, da ɓawon ne ake yin toshiyar fulas ɗin shayi irin na da. Ya ce, "Ka zo mini da sassaƙensa in gani. Ba busasshen ɓawon waje ba, na cikin, mai rai. A nan halin itace yake." Na ce to, na rubuta a littafina.

Talata: Lisbon zuwa Ebora

Taron ya ƙare da azahar. Wani malami da muka halarci taron tare ya wuce wani gari, ni kuwa na yi rajistar wani yawon ƙafa da ake kai baƙi gona su ga yadda ake ɓare wannan itace. Na hau bas ƙarfe biyar na yamma, Yuro goma sha biyu, tafiyar kilomita ɗari da talatin. Da muka haye babbar gada sai ƙasa ta buɗe, ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, itatuwa a warwatse kamar gawo a gonakinmu. A kan turakun lantarki na ga sheƙunan wasu tsuntsaye masu kama da shamuwa, sai dai farare ne.

Bakwai saura ashirin muka isa Ebora. Na kwana a wani ƙaramin masauki, Yuro talatin da biyar. Matar gidan ta ga ina ta leƙen abinci ina jin nauyin tambaya, ta ce, "Babu alade, kifi ne." Ta kawo miyar burodi da kifi da tafarnuwa da ƙwai. Na ci, na gode mata.

Laraba: Gona

Shida da rabi wata ƙaramar mota ta ɗauke mu, mu tara. Jagorarmu wata mata ce mai suna Ines, 'yar yankin, mai saurin magana da dariya. Bayan kilomita ashirin da biyu muka sauka a bakin wata hanyar ƙasa, muka ci gaba da ƙafa. Ta nuna mana tumaki, da akwatunan zuma, da baƙaƙen aladu da ke kiwo a gindin itatuwan. Sunan itacen sobreiro. Sai ya kai shekara ashirin da biyar kafin a ɓare shi karo na farko, daga nan kuma sai bayan kowace shekara tara. Ɓarar farko da ta biyu ba su da kyau sosai. Ta uku ce ake jira.

"Akwai tambaya?" in ji ta.

Ina da ita. Ita ce ta bakwai a jerin da na rubuta: ko zan iya samun ɗan sassaƙe na ciki? Na dubi mutanen da ke kewaye da ni, na ce a raina bari sai an ragu.

Takwas da kwata muka jiyo sara. Masu ɓarar suna aiki bibbiyu, babbansu wani dattijo ne gajere mai hular ciyawa, Joakim. Ya ɗaga gatari mai faɗin baki, ya tsaga ɓawon daga sama zuwa ƙasa, ya kewaye shi, sannan ya juya ƙotar, wadda aka fiƙe gindinta, ya cusa a tsagar ya ɓamɓara. Ɓawon ya saki da wata ƙara kamar an buɗe tsohuwar ƙofa, ya faɗo guda, tsawon mutum. Jikin itacen ya fito da danshi, launin ɗanyen goro. Wata mata ta biyo baya da farin fenti tana rubuta lambar ƙarshe ta shekarar a jikin kowane itace, don a san lokacin dawowa.

Ines ta ce wani abu a nan game da kaifin gatarin da nauyin hannu. Ina can ina zana siffar ƙotar a littafi, rabin maganar kawai na ji.

Joakim ya miƙo mini gatarin yana murmushi, ya yi magana. Ines ta fassara: "Ya ce kai da ke ta rubutu, zo ka gwada, alƙalami ba ya ɓare itace." Aka yi dariya. Na girgiza kai, na ja baya. Da na karɓa, da ya riƙe hannuna ya nuna mini inda ƙarfe ke tsayawa.

Goma da rabi aka huta. Aka shimfiɗa ƙyalle a inuwa, aka kawo burodi da cuku da zaitun, ana shan ruwa da wani ludayi na ɓawon itacen. Ines ta sake cewa, "Akwai tambaya?" Na sake barin tambayata a littafi. Da hira ta yi nisa na ɗauki ƙaramar wuƙar yanka cuku, na zagaya bayan wani itace da aka tuɓe da safen. Na yi yadda na ga Baba yana yi wa maɗaci: na zaɓi gefen gabas, na yi bisimilla, na yanka har sai da wuƙa ta taɓa farin itace. Na fitar da yanki mai kusurwa huɗu, yatsa uku tsawo, yatsa uku faɗi, na sa a tsakiyar littafina. A ganina ɗan wannan ba komai ba ne ga itacen da aka tuɓe wa riga gaba ɗaya.

Ba a yi minti ashirin ba mai fentin ta ƙwala wa Joakim kira. Muka bi shi. Ya durƙusa, ya sa babban yatsa a ramin da na yanka. Da ya yi magana, Ines ba ta yi dariya ba.

"Ya ce wannan ba gatari ba ne. Gatarinsa ba ya yanka daidai haka kamar an auna."

Na buɗe littafin, ga yankin ya jiƙa shafi biyu. Na ba su labarin Baba da abin da ya roƙa.

Ines ta ce, "Wannan fatar ta ciki, uwa muke ce mata. Ita ke haifar da sabon ɓawo. Duk gwanintar aikin nan ita ce kada ƙarfe ya taɓa ta, na faɗa ɗazu. Inda aka cire ta, ɓawo mai kyau ba zai sake fitowa ba, kuma ta nan cuta kan shiga."

Joakim ya ce shi ya ɓare wannan itacen karo na farko, shekara goma sha takwas da suka wuce, shi ya yi na biyu, yau ne ya ba da ɓawonsa na kirki na farko. Ya tafi inda rassan da aka sassabe suke jibge, ya yanko wani ɗanye mai kauri, ya miƙo mini.

"Ya ce ga fatar nan a jiki, irin wadda kake so. Da ka tambaya, da ka samu goma. Ya ce ka gaida mahaifinka, da alama ya san itace."

Na ce a gaya masa ya yafe mini. Ya dafa kafaɗata, ya nuna lambar da ke jikin itacen, ya yi magana ta bakin Ines.

"Ka dawo bayan shekara tara ka ga yadda ya ƙare. Ni shekarata saba'in da ɗaya, wataƙila wani ne zai nuna maka."

Sauran tafiyar kilomita huɗu ce zuwa inda mota take. An nuna mana rijiya da wurin da ake jera ɓawo ya bushe. Ban rubuta komai ba.

Alhamis: Komawa

Na bar Ebora da bas ɗin bakwai na safe, na kwana a jirgi, muka sauka Doha ranar Juma'a rana ta ɗaga. Reshen na bar shi a masauki, don ɗanyen itace ba ya tsallake iyaka ba takarda. Ɗan yankin kuwa ya bushe ya manne a littafi, haka ya biyo ni. Abdul-Razak ya tare ni da, "Yaya iccen Turai, ya gaishe ka?" Na ce lafiya lau.

Bayan sallar Juma'a na kira Baba, na gaya masa komai, ban rage ba.

"Ka nemi izinin mai shi?"

"A'a, Baba."

"Kuma wanda aka riga aka tuɓe ka sara? Nafi'u, ni ko a dajin da ba na kowa ba, ba na taɓa itacen da wani ya sassaƙa sai ya warke. Ka sha gani ina shafe wurin da laka. Ka shafe?"

"Ban shafe ba."

Ya ja numfashi. "To, ka ajiye sassaƙen a wurinka, ba sai ka aiko ba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Ines da matar masauki, da Joakim da bai ɗaga mini murya ba. Littafin yana kan teburina a nan Al Thumama. Tambaya ta bakwai tana shafi na sha huɗu, ita kaɗai ce babu amsa a gabanta, tabon ruwan itacen kuma ya ratsa har zuwa shafi na sha tara.