Wayar Da Na Ɗaure Babur Da Ita

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da Bitrus ya tsaya a bayan babur ɗina yana kallon kwandona. A lokacin ina aikin lantarki a ɗakin sanyi na wata ƙungiyar manoma a Ikara, inda ake ajiye tumatir. Ni na fi kowa daɗewa a wurin, amma da aka kawo sabon inji, Bitrus aka tura kwas Kaduna. Ya dawo da takardar shaida da jakar kayan aiki, aka miƙa masa mabuɗin ɗakin inji. Na yi masa murna da baki, amma wallahi ƙyashi ne fal cikina.

Ga yadda injin yake. Yana sanyaya ruwa ya tura shi ta bututu zuwa ɗakin, ruwan ya dawo da ɗan ɗumi. Akwai wata mita a jikinsa mai ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a bututun tafiya, ɗaya a na dawowa. Bambancin da ke tsakaninsu take haɗawa da yawan ruwan da ya wuce, ta faɗi sanyin da ɗakin ya sha. Bitrus ya yini yana saita ta, har ya sauya ta daga lissafin ɗumama gida, wanda da shi ta zo daga ƙasar Turawa.

Da ya tafi cin abinci na leƙa, na ga wayar ma'auni ɗaya a nannaɗe tana lilo. Mu masu lantarki ba ma iya ganin waya tana lilo. Na ce a raina, ɗan kwas ke nan, ko gyara waya bai iya ba. Na yanke rarar, na mayar tsaf, na ɗaure kwandon babur ɗina da guntun.

Washegari mita ta fara shirme. Tumatir garau, amma ita ta nuna ɗakin bai sha sanyin kirki ba. Injiniya Hadiza, wadda ke duba mu daga Kaduna, ta zo ranar Talata.

"Bitrus, idan Juma'a ta yi ba ka gano matsalar ba, ka ba Malam Sani mabuɗi," in ji ta, tana nuna ni.

Daɗi ya kama ni. Ranar Laraba na ji Bitrus yana faɗa wa kansa cewa wayoyin nan biyu tagwaye ne, tsawonsu ɗaya daga masana'anta, in aka rage ɗaya lissafi ya karkace. Nan take na gane aikina ne. Na wuce abina kamar ban ji ba, ina hango mabuɗi a aljihuna.

Ranar Alhamis da la'asar ya biyo ni waje zai ari filaya. Idonsa ya sauka kan jar wayar da ke kwandona. Ya daɗe yana kallonta.

"Malam Sani, kwandon nan ya ɗauru da kyau," ya ce, ya koma ciki.

Da Injiniya ta dawo, ya riga ya sa sababbin ma'aunai. Ta tambayi wanda ya yanke wayar.

"Laifina ne, ranki ya daɗe. Na je na koyo, ban koya wa kowa ba."

Na buɗe baki na ce ni ne. Ta dube ni, ta dube shi, ta ce mabuɗi ya zauna inda yake.

Ku da kuke shigowa aikin nan, kada ku gyara abin da ba ku tambayi dalilinsa ba, musamman in haushin mai shi kuke ji. Ni dai kwas ɗin na daina jin zafinsa tuntuni. Halin nan nasa ne har yau nake yi wa ƙyashi, kuma shi ba a tura mutum Kaduna ya koyo.