Sawun Igiyar Bahaguwa

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Konni ne idon Inna ya soma mutuwa. Likita ya ce ba yana ba ce balle a kankare, jijiya ce, sai haƙuri. Muna fitowa daga asibiti na ce mu nufi tasha mu koma Tsarnawa, sai ta ja ta tsaya. Wai ba za ta bar garin ba sai ta ga rijiyar gidan ubanta. Tana ƙarama aka kai ta riƙo ƙauye, uban ya rasu, aka sayar da gidan, dangi suka watse. Ba ta tuna unguwar ba, rijiyar kawai ta sani, kuma ɗan ganin da ya rage mata ba zai kai baɗi ba.

Wani mai shayi ya haɗa mu da wani tsohon ɗan kamasho. Ya bar kiran fasinja, ya koma zagaya gari da baƙi a ƙafa yana nuna musu tarihi. Masu binsa direbobin manyan motoci ne da takardun duwan, wato kwastan, suka riƙe a bakin iyaka, zaman jira ya ishe su. Muka bi sahunsu, ina riƙe da hannun Inna, ina ƙunƙuni.

Ya tsayar da mu gaban teburin mai sayar da fetur a kwalba.

"Ku ɗaga kai," in ji shi. "Wagga ƙohwar birni ta. Raƙumi da kaya nai ka shiga, bai duƙa ba."

Muka ɗaga kai. Wayar lantarki ce da baƙar leda ta maƙale. Direbobi suka gyaɗa kai, Inna ta ce lalle tana da tsawo. Na juya na dube ta.

Daga nan sai ganuwa. Ita ma babu ita, amma ya ce ta nan ta bi, ta tsakiyar titi, kuma ba a ratsa ganuwa sai an haura. Ɗaya bayan ɗaya muka tattare tufafi muna ɗaga ƙafa sama, 'yan kabu-kabu suna ta danna mana oda. Wani direba ya wuce abinsa, tsohon ya dawo da shi ya sake. Ni da nake aurar da 'ya'ya, ga ni ina tsallake iska a bainar jama'a. Kunya ta kama ni har wuya.

Sai can na gane inda matsalar take. Duk wani tsohon abu da ya rage a garin yana cikin gidajen mutane, shi kuwa namiji ne, ba ya shiga gidan matan aure. Bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Sai ya jera direbobi su fuskanci katanga, ya buɗe muryar nan tasa ta tasha yana bayani, mata kuma su yi sallama su shiga su gano. Ranar mu biyu ne mata, ɗaya ba ta gani sosai, ɗaya ranta a ɓace.

A gidan farko ya ce akwai dutsen da mayaƙa suke wasa takobi. Muka tarar da shi an ɗaure akuya a jikinsa. Da muka fito na ce masa dutsen niƙa ne. Ko a jikinsa.

"Bayan yaƙi ai dole shi nemi wani aiki, ɗiyata. Ni ma haka niy yi."

Da Inna ta faɗa masa buƙatarta, ya ce rijiyoyi gare shi iri-iri, sai wadda ta zaɓa. Muka yi ta shiga gida gida. Ko'ina sai an gaisa, an tambayi gero da wake, an kawo fura, har cikina ya ɗaure. Inna takan durƙusa a bakin rijiya, ta shafa, ta girgiza kai. Daga waje kuwa muryarsa ba ta yankewa, kowace rijiya da aljaninta.

Rana ta karkata muka shiga wani gida a ƙarshen lungu. Yana ta faɗa wa direbobi cewa a cikin wannan rijiyar aka ɓoye dawakai lokacin da Nasara suka ƙone garin. Rijiyar ko ɗan maraƙi ba zai shige ta ba. An rufe ta da tsohuwar ƙofar mota, an shanya tattasai a kai. Matar gidan ta kwashe shanyarta, muka ja ƙofar tare.

Inna ta durƙusa ta kai fuskarta daf da bakin. Ta daɗe a haka, sannan ta ce duhu kawai take gani. Na ce a raina mun makara, ko ita ce ma ba za ta gane ta ba. Sai ta ɗora tafin hannu a kan gungumen kiryar da aka gitta a bakin rijiyar. Igiyar guga ta ci shi, ta yi masa ramuka masu zurfi, duka a wuri ɗaya. Hannunta ya wuce su ya tafi can gefen hagu, inda babu mai tsayawa, ya tsaya a kan wani ɗan siririn sawu. Inna bahaguwa ce. Ta sha ba mu labarin yadda ake dukan hannunta in ta ja ruwa da hagu, sai ta riƙa raɓewa gefe da ɗan gugarta in manya sun kauce.

"Ga ni nan," in ji ta.

Na juya baya na yi kuka, matar gidan ta yi kamar tana tsince tattasai. A bayan katanga an kai ga yadda aka fito da dawakan.

Da muka fito ya tambayi abin da muka gani. Na zayyana masa gaskiya cikin fushi, ba doki ba aljani. Ya saurara shiru, abin da bai yi ba tun safe.

Bayan rasuwar Inna na zo Konni sayen atamfa, na ci karo da ayarinsa suna haura ganuwa. Bai gane ni ba, na bi su. A gindin katangar nan ya jera direbobinsa, ya ce a zamanin yaƙi akwai wata 'yar sarki bahaguwa da ta shayar da gari duka ita kaɗai, har gobe sawun igiyarta yana nan. Suka gyaɗa wa katanga kai. Ya ce in shiga in gano musu.

Na shiga, na sa yatsana inda ta sa nata, na daɗe ban ɗauke ba. Da na fito ya tare ni.

"Hajiya, kin gani? Ɗiyar sarki ta ko?"

Na ce, "Ita ce."