Layukan da na tsallake wa Gwaggo Asabe

Iyayena da yayyena da ke wannan shafi, ku yi mini afuwa. Ban kai in yi rubutu a kan babba ba, kuma waɗanda suka fi ni saninta suna nan da ransu. Na kasa cin abinci ne, na kasa buɗe littafin makaranta, shi ya sa na ari wayar yayana.

Da safen nan labari ya same ni. Gwaggo Asabe ta rasu.

Ina tsugune ina wanke safar makaranta Mamanmu ta shigo, ta zauna a kan turmi, ta ce, "Hannatu, Gwaggonki ta cika da asuba." Ban yi kuka ba. Na ci gaba da cuɗa safar nan har kumfa ya ƙare.

Ranar Lahadi aka kai ta asibiti a Kano, jininta ya hau. Na ji labari. Na ce in an sallamo ta zan je in gaishe ta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ba ƙanwar babana ba ce. Kowa a cocinmu Gwaggo yake ce mata, har Baba Fasto. Ba ta da wani muƙami. Sana'arta turara shinkafa, kuma duk wanda ya bi ta bayan gidanta ya san ƙanshin tukunyarta. Ta koyi karatu da girmanta a ajin manya, ta yi shekaru tana karanta Maganar Allah da kanta, sai yanar ido ta rufe mata gani.

Ni kuwa kowa ya san ni da kunya. Ranar da aka fara sa ni karatu a gaban jama'a, na tsaya da Littafi a hannu, murya ta ƙi fita, na koma na zauna ina hawaye. Da aka tashi, wasu suna ta dariya, sai na ji an ce, "Ina yarinyar nan mai muryar sauro?"

Gwaggo ce. Na matso.

Ta lalubo hannuna ta ce, "Ni idona ya mutu, ke bakinki ya mutu. In muka haɗu ai mun tashi mutum guda."

Tun daga ranar take kirana Idona.

Duk rani, in tumatir ya nuna, akwai matan da ke zuwa daga ƙauyukan nesa su yi aikin tsinka da yanka da shanya a gonakin bakin kanal, wato hanyar ruwan noman rani. Wasu daga cikinsu masu bi ne, amma ba sa samun zuwa sujada. Gwaggo takan ce, "Tumatir bai san Lahadi ba." Yawancinsu kuma ba su iya karatu ba.

To sai ta ce tunda ba za su iya zuwa ba, mu za mu je.

Kowace Alhamis in na taso daga makaranta, sai in biya mata. Ta dafa kafaɗata, mu bi gefen kanal a ƙafa har gonar wani Alhaji da ya bar mana inuwar mangwaronsa. Ni in karanta, ita ta yi bayani, a yi addu'a. Mata takwas, wani lokaci goma.

Alhajin yakan wuce a babur ya rage gudu ya ce, "Asabe, bar mini ma'aikata su huta mana, kin cika su da wa'azi!"

Ta ce, "Alhaji, ƙara musu hutun, ni ma sai in rage."

Ya yi dariya ya wuce. Tun suna yara suka san juna. Ɗazu ya zo gaisuwa, ya daɗe a zaune.

Ba ta taɓa zuwa hannu wofi ba. Ruwan tumatir yana cin yatsu, sai ka ga hannun mace duk ya tsage. Kullum akwai ɗan gwangwanin man kaɗe a ƙulle a bakin zanenta. Kafin a buɗe Littafi sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana laluba hannu tana shafawa, tana gane kowa da tafinta.

"Wannan Ladi ce. Ladi, kin sake yanka da wuƙar nan mai tsatsa ko?"

Yaya Ladi ita ce babbarsu, ita ce kuma mai tsokanata. Da na fara karatu sai ta kama kunne ta ce, "Malama, da mu kike ko da cinyarki?" Kowa ya fashe da dariya, Gwaggo ta ɗan zungure ni ta ce, "Ɗaga murya, Idona."

A hankali muryar ta ɗagu. Wannan ma aikin Gwaggo ne.

Yanzu ga abin da ya sa nake rubutun nan. Ina jin kunyarsa, amma in ban faɗa ba, duk abin da na rubuta a sama rabin gaskiya ne.

Bana ina ajin ƙarshe. Ga lesin, ga aikin gida, ga zafin bazara. Nakan isa gindin mangwaron nan kaina yana sarawa. Sai na fara tsallake layi. In babi ya yi tsawo, in sauke ido ƙasa in ɗora daga can. Na ce a raina, Gwaggo ba ta gani, su kuma ba su sani ba.

Da farko sauri ne kawai. Daga baya sai na fara zaɓe.

Yaya Ladi ta taɓa ba mu labarin yadda ƙanin mijinta ya karɓe gonarsu bayan mijin ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya huɗu, abin da ya fito da ita aikin rani ke nan. Mako biyu bayan haka muka iso wurin da ake maganar yafe wa wanda ya cuce ka. Na ɗago na kalle ta, hannunta duk a tsage, na kasa. Na tsallake.

Wurin da aka ce kada a damu da abincin gobe, na kalli kwanon garin kwakin da suka jiƙa da gishiri, na tsallake.

Wurin ɗaukar gicciye ma na tsallake. Wannan kam ba don su ba ne. Ni ce ba na son jinsa.

Ganinmu na ƙarshe da Gwaggo, yau kwana goma sha tara. Muna dawowa ta gefen kanal, ta ce mu tsaya a wurin ƙofar ruwa ta huta. Ta zauna a kan simintin, tana mayar da numfashi.

Ta ce, "Idona, yau layi nawa kika cinye?"

Na ce, "Na'am, Gwaggo?"

"Kwanaki kin haɗiye na yafiya. Yau kin haɗiye na gicciye. In yunwa ce ki faɗa mini, in saya miki awara."

Na ji kamar in faɗa cikin ruwan.

Ta ce, "Na karanta Littafin nan tun ba a auri uwarki ba. Idon ne ya tafi, kan yana nan."

Na ce, "To me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ga kin gaji. Na ce bari in ga ko za ki dawo da kanki."

Sai na fara kare kaina. Na ce, "Gwaggo, yaya zan kalli Yaya Ladi in ce ta yafe? Ni me na sani? Me aka taɓa ƙwace mini?"

Ta ce, "Wa ya ce ke kike faɗa? Baki kawai aka ara. Ko kina ganin kin fi Mai maganar tausayin Ladi ne?"

Ta ci gaba.

"Ni ban damu da kaina ba, ina da shi a ka. Su fa? Za su koma garinsu suna zaton iyakar abin da Yesu ya ce ke nan. In kin ba shi bakinki, 'yata, ki ba shi duka. Har wurin da ke ma yake miki ɗaci."

Ban taɓa mayar wa babba magana ba sai ranar. Na ce, a hankali, amma ta ji, "To ki nemi wata ta riƙa yi miki."

Ba ta yi fushi ba. Ta miƙo hannu na tashe ta, ta dafa kafaɗata kamar kullum. Muka taka har ƙofar gidanta. Da zan juya ta ce, "Alhamis ina jiranki."

Ban je ba. Na ce lesin.

Ta sama ma ban je ba. Ta aiko Mamanmu da ɗan ƙullin ƙanzon shinkafa, wai a gaya wa Idona ba ta fushi. Na cinye ƙanzon, ban je godiya ba. Ranakun Lahadi a coci nakan zauna can baya don kada ta ji muryata.

Ba ƙinta nake yi ba. Kunya ce. Kullum ina cewa sai na shirya abin da zan faɗa.

Da azahar ɗin nan ina zaune a tsakar gidan Gwaggo cikin masu zaman makoki, sai ga matan gona sun shigo su shida, da kayan aikinsu a jiki. Sun bar shanya suka taho a ƙafa. Yaya Ladi ta gaisa da manya, ta yi kukanta, sannan ta hango ni a lungu ta zo ta zauna kusa da ni.

Ta ce, "Malama, kin gudu kin bar tsohuwa."

Na sunkuyar da kai.

Ashe duk Alhamis biyun nan Gwaggo ta je. Ita kaɗai, da sanda, a gefen kanal. Ta shafa musu mai, sun yi waƙa, sun yi addu'a, ta faɗa musu wasu wurare da ka.

Yaya Ladi ta ce, "Amma ta ce akwai saura da Hannatu za ta karanta mana. Muka ce ta faɗa mana da ka tunda ta iya. Ta ce a'a, wannan na Hannatu ne, ba za ta taɓa ba. Wane saura ne?"

Da na iya cewa babin gaba ne. Ba wanda zai sani yanzu.

Na ce, "Yaya Ladi, na riƙa tsallake muku layi."

Ta tsaya da share hawaye ta kalle ni. "Kin ga yarinya! Ashe tauye mana mudu kike yi, muna ta ce miki Malama."

Na ce, "Ku yafe mini."

"Me kika ɓoye?"

"Da yawa. Akwai na yafe wa wanda ya cuce ka."

Ta daɗe tana kallon ƙasa. Na ɗauka tashi za ta yi.

Ta ce, "Shi ne wanda ba na so." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Ban ce zan iya ba, kin ji ko? Amma ki zo da shi, in ji da kunnena. Asabar mota za ta kwashe mu."

Gobe Laraba za a yi jana'iza. Jibi Alhamis.

Zan je. Na gaya wa Mamanmu, na kuma aika wa malamin lesin. Ban iya bayani irin na Gwaggo ba, ban san me zan ce ba in sun yi tambaya, kuma ni kaɗai zan zauna a gabansu. Na gaji, ban ji wani ƙarfi ya sauko mini ba. Amma na san duk wuraren da na tsallake, kuma zan karanta su ɗaya bayan ɗaya, har da nawa.

Ya Ubangiji Yesu, mun gode maka don ran baiwarka Asabe. Ka karɓe ta, ka ba ta hutu, ta yi tafiya da yawa. Ka ta'azantar da 'ya'yanta da jikokinta. Ka gafarta mini abin da na rage daga Maganarka da abin da na faɗa mata a bakin ruwa. Ga bakina, duka. Amin.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi wa iyalinta addu'a. Ku sa Yaya Ladi a ciki, ita da 'ya'yanta. Ni kuma ku roƙa mini kada muryata ta maƙale ranar Alhamis da la'asar.

Baba Fasto, da ku 'ya'yan Gwaggo, in na faɗi abin da bai kamata ba ku gaya wa Mamanmu, zan goge. Akwai wasu maganganu da ta yi mini a kan hanyar kanal waɗanda ba wanda ya ji sai ni, kuma ina tsoron in manta. In kun ba ni izini, ina so in sake rubutawa. In kun ce in yi shiru, zan yi.