Dattijon da Ke Ba Ciyawa Ruwa

Baba bai taɓa barin ɗansa ya kwana a wani gari ba sai ya damƙa shi a hannun mutum. Ba da baki kawai ba, hannu da hannu. Lokacin da na tafi bautar ƙasa kudu, kwana biyu ya yi a mota tare da ni, ya nemo wani mahauci ɗan arewa a kasuwa, ya kama wuyan hannuna ya sa a tafinsa mai maiƙo, ya ce ga amana, sannan ya juyo gida ko ruwan garin bai sha ba. Da aka ba ni aikin koyarwa a Kabo, tafiyar da daga Gwarzo ba ka gama shan rake guda a mota ka isa, haka ya bi ni da gemuna da komai ya miƙa ni ga wani mai sayar da kananzir a bakin tasha. Ɗalibaina suna tsaye suna kallo. Har na bar makarantar suna ce mini Malam Amana a bayan idona.

Saboda haka ranar da jami'o'i uku na Amurka suka karɓe ni karatun digiri na biyu kan ƙasar noma, murnata ba ta kai la'asar ba. Na sami Baba a rumfarsa ta hatsi, na durƙusa na yi masa bayani. Bai tambayi wacce ta fi suna ba, bai tambayi me ake koyarwa ba. Ya ce wa na sani a can. Na ce babu. Ya ci gaba da auna dawa, ya ce, "To a hannun wa zan sa ka?"

Magana ta tsaya a nan. Idan babu hannu babu albarka, ni kuma duk taurin kaina ba zan hau jirgi ba tare da albarkarsa ba. Makarantun sun ba ni mako shida in ba da amsa, in na wuce gurbin ya tafi ga wani.

Ni zuciyata tana kan ta farko, wadda ke wani babban birni a bakin teku, inda aka ce babu sanyi babu zafi. Ta biyu tana cikin hamada. Ta uku kuwa wani ɗan ƙaramin gari ne a tsakiyar gonakin masara, inda na karanta cewa sanyi yana daskarar da majina a hanci. Don cike gurbi kawai na nemi wannan.

Wautar da na yi ita ce na nuna wa Baba taswirar nan ta waya da ke sa ka a kan titi kamar kana tafe da ƙafa. Na yi nufin ya ga teku ya yi sha'awa. Sai ya goge hannunsa a jikin riga, ya karɓi wayar, ya ce yauwa, ashe ana iya zuwa a duba unguwa. Ya aika aka kira amininsa, wani tsohon direban babbar mota ɗan Kabo, wanda asalinsu makiyaya ne, kuma a ganin Baba babu hanyar da bai sani ba a duniya tunda ya taɓa kai kaya Agadas.

Haka muka shiga yawon Amurka kullum bayan sallar la'asar, mu uku a kan benci guda, da katin wayata. Baba ba ya shiga sabon layi sai ya yi sallama. Idan yatsana ya kauce hoton ya matso kusa da tagar wani, sai ya bige mini hannu, wai ba a leƙa gidan mutane. Da ya lura duk fuskokin an dusashe su, direban ya yi masa bayani cewa kunya ce ta yi wa mutanen yawa, Baba ya gyaɗa kai ya ce alamar tarbiyya ce. Na ga gyara musu ba zai amfane ni ba, na matsa da hoton gaba.

Birnin teku ya faɗi a kwana uku. Mutane kam ga su nan birjik, amma Baba ya ce duk masu wucewa ne, babu wanda ya zauna. Ba dakali, ba tabarma, ba majalisa. Na yi ta zagaye da shi har muka sami wani a kwance a gefen titi da bargonsa, na ce ga mazauni. Baba ya daɗe yana dubansa, ya ce wannan bawan Allah shi ma mai riƙe shi yake nema. Garin hamada ko kwana ɗaya bai yi ba. Direban ya yaba faɗin titunan, ya ce mota shida za su jera ba a goga ba, amma mun yi tafiyar awa guda ba mu ga ɗan Adam ko akuya ba. Baba ya tambaya ko annoba aka yi.

A garin masara, layi na huɗu daga ƙofar jami'a, muka same shi. Wani dattijo ne mai tumbi, da gajeren wando da hular hana sallah, yana tsaye a ƙofar wani farin gida riƙe da tiyo yana ba ciyawa ruwa, ya ɗaga ɗaya hannun kamar mai gaisuwa. Baba ya amsa masa. Gajeren wandon ya ɗan dame shi, amma ya ce kowa da al'adar garinsu. Direban ya ce mutumin da ke shayar da ciyawa haka lallai yana da tumaki a bayan gida, mai dabba kuwa ba ya cin amana.

Washegari Baba ya ce mu koma. Dattijon yana nan. Jibi ma yana nan, da hannunsa a sama. Raina ya ɓaci, na ce Baba hoto ne fa, wata mota ce ta wuce sau ɗaya ta ɗauka, wataƙila shekaru da suka wuce. Ya dube ni irin duban da yake yi wa mai kawo masa gero da tsakuwa. Ya ce ya san hoto, ba yau aka haife shi ba. Amma, in ji shi, motar ba ta yi sallama kafin ta zo ba, ta bi gari uku ba ta sami kowa a ƙofar gidansa ba sai wannan, har ya ɗaga wa baƙuwar mota hannu. Maganar tasa ta ƙara ba ni haushi.

Lambar gidan tana jikin akwatin wasiƙa. Baba ya yi shiftar wasiƙa zuwa ga dattijon, na rubuta da Turanci. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin shafi, har da tambayar lafiyar iyali da ta dabbobi. Sannan ya gabatar da kansa da sana'arsa, ya ce yana da ɗa mai shekara talatin ba ɗaya, ba ya shan komai, yana da saurin fushi amma yana saurin sauka, ba ya son kuɓewa. Yana roƙo a riƙe masa shi. Na so in cire zancen kuɓewar, ya sa na karanta masa abin da na rubuta layi-layi yana ƙirga jimlolin da yatsa. Na sa adireshina na intanet a ƙasa, na kai wasiƙar Kano na aika ta hanyar gaggawa. A raina na ce ko dai a yi shiru, ko 'yan sandan garin su amsa.

Mako uku babu labari. Baba bai fasa gaida dattijon kullum ba, har 'yan rumfar kusa suka fara tambayar ya mutumin naka. Ni kuwa na daina cin abincin kirki, ina kallon kwanakin suna ƙarewa, ina jin haushin Baba da na kaina da na wanda ya ƙirƙiro taswirar.

Saura kwana huɗu amsa ta shigo. Matar dattijon ce ta rubuto. Ta ce mijinta ya rasu shekara uku da suka wuce. Ta san hoton, ita ma takan buɗe shi wani lokaci ta dube shi, kuma ba ta taɓa zaton akwai wanda ke gaishe shi daga wata nahiya ba. Ta ce ta karanta wasiƙar sau da yawa, ta yi dariya, ta yi kuka. Tumaki dai ba su taɓa yi ba, amma idan tsohuwa za ta iya abin da ake nema, to a turo yaron.

Na karanta wa Baba a rumfa. Ya ajiye mudu, ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna a lokacin, kuma tun daga nan ni kaɗai nake cin tuwon dare da shi a kwano ɗaya. Da ya ɗago sai ya ce, "Wata guda muna gaisawa da mutum, a ce ya rasu ba mu je gaisuwa ba? Ai tafiya ta zama dole. Ka amsa musu yau." Haka na zaɓi jami'a. A takardar da suka turo akwai gurbin da aka tambayi dalilin da ya sa na zaɓe su, na rubuta cewa ingancin ƙasar noman yankin ne.

Kwana biyu da saukata na je gidan. Ya fi yadda yake a waya ƙanƙanta. Tsohuwar ta buɗe ƙofa, 'yar firit da ita, tana dogara sanda. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa yadda aka aiko ni, ta rasa yadda za ta yi da ni, ita ma ta fara ƙoƙarin durƙusawa, sai da na yi sauri na miƙe. Muka zauna a falo na kira Baba ta bidiyo. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, direban yana leƙowa ta bayan kafaɗarsa. Ya yi mata ta'aziyya mai tsawo ina fassarawa. Da aka zo kan damƙawa ya ɗan yi jim, don mace ce, sannan ya ce ta kama hannun rigata. Ta kama da yatsu biyu, muka ɗaga wa wayar, ya ce ga amana, ta ce ta karɓa.

Na ɗauka an gama. Sai ya tambaya su wa take zaune da su, ta ce ita kaɗai, 'yarta tana wani gari mai nisa, tana zuwa sau ɗaya a shekara. Na ga idonsa yana bin falon ta bayanmu, kujeru biyu, teburin cin abinci da faranti ɗaya a kai.

"Wannan kada ka fassara," in ji shi. "Ita ce amanar. Kullum ka leƙa ta, ko ba ta kira ka ba. Wanda ke cin abinci shi kaɗai ba ya faɗa."

Ta tambaye ni me ya ce, na ce godiya yake ƙarawa. Tana riƙe da hannun rigata har lokacin. Can aka kira magariba a Gwarzo, Baba ya ce bari ya tashi, hoton ya ɗauke. Sai a sannan kunya da tsoro suka rufe ni, don na yi mako shida ina fushi a kan wanda zai riƙe ni, ban taɓa tambayar kaina a hannun wa na bar shi ba.