Gara a Fiyanon Evaristo

Evaristo Quiñones yana da shekara saba'in da huɗu, kuma shekara arba'in ke nan shi ke kaɗa fiyano a zauren rawa na unguwarsu a garin Matanzas, duk Lahadi da la'asar.

Kowa ya san salonsa. Wani zai tashi ya rera masa 'yar waƙar da mata ke yi wajen wanki, ko kiran mai tallar burodi. Evaristo zai fara buga ta da yatsa ɗaya kamar ɗan koyo, har a soma dariya. Sai ya gyara hannun farar kwat ɗinsa, ya lulluɓe 'yar waƙar da kiɗan manyan zauruka da ya yi shekara tara yana koyo a birnin Habana, yana gudu daga wannan ƙarshen maɓallai zuwa wancan, hannu na tsallake hannu.

Danshin teku na kumbura katako, don haka kullum akwai ƙwan lantarki a kunne cikin fiyanon yana busar da shi. Danshi bai taɓa shi ba. Gara ce ta shigo ta ƙasa. Maɓallai suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma in ya zo kan mataccen sai ya ɗaga hannu sama yana murmushi. Mutane na yi masa tafi, sun ɗauka sabon salo ne.

A watan jiya Nicomedes mai gyara, abokinsa tun ƙuruciya, ya buɗe cikin fiyanon ya leƙa.

"Tsakiyar ta tafi, tsoho. Sai dai in ciro 'yan gudumomin da ke buga wayoyin maɓallan gefe in dasa a nan. Sababbi kam babu."

"Ai a gefen nake wasana."

"Wasa ko iyayi? Zaɓi ɗaya, ko ka rasa adon ko ka rasa waƙar."

"Kai dama tun muna makaranta ba ka da kunne."

"Na ji. Amma ido ina da shi, ga garin katako nan har kan takalminka."

Mako uku suka wuce. Ran Litinin da safe Evaristo ya zo zauren babu kowa, ya bi maɓallan gefe da yatsu sau biyu, da sauri, yadda ya saba. Sannan ya aika aka kira Nicomedes. Ya tsaya gefensa riƙe da gwangwani, ana jefa kusoshin a ciki, har aka cire guduma ashirin da biyu.