Dutsen da Na Ɗauka a Ƙauyen Lefca

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce na tona asirin wurin aiki.

Ni ma'aikacin gonar gwaji ne, mazaunin Tudun Wada. Aikina adana irin citta. Shi ya sa shugabanmu, Dakta, ya tafi da ni Sikkim, can cikin duwatsun Himalaya a Indiya, don mu ga yadda manomansu ke ajiye iri. Muka sauka wani tsohon ƙauye inda aka ce kakannin ƙabilar Lefca da na ƙabilar Butiya suka ƙulla amana, suka kafa duwatsu shaida.

Rana ta biyu zazzaɓi ya kama ni, ruwansu kuma kamar ƙanƙara. Da azahar na ga duwatsu a jere ƙarƙashin bishiyoyi, na ɗauki ƙarami mai santsi, na yi taimama, na sa shi aljihu saboda la'asar.

Tafintanmu na ganin dutsen a hannuna ya dafe kai. Ashe daga wurin amanar na ɗauko shi.

Dakta ya ce, "Malam Sani, duk duwatsun ƙasar nan, sai na kakanninsu? In suka hana mu ganin rumbunansu, me zan rubuta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban sani ba."

Aka kira tsohon da ke kula da wurin, wani gajere Balefce. Ya tambayi me na yi da dutsen. Na nuna masa, na shafa fuska da hannuwa. Sai ya ce ta bakin tafinta, "Addu'a ka yi da shi? To, aikinsa ya yi." Ya riƙe hannuna, muka mayar da shi tare.

Daga ranar, kafin kowace salla sai ga tsohon da buta ta ruwan zafi. Rumbuna kuma duk aka buɗe mana.

Na koyi cewa a gonar mutane, ko tsakuwa sai ka tambaya. Amma kunya ta hana ni tambayar sunan tsohon, abin yana damuna har yau. Don Allah, duk wanda ya san ƙauyen, ko yake da ɗa mai karatu a can, ya sanar da ni: tsohon nan yana raye?