Nas Ladi da Surukinta

A ƙaramin asibitin da Ladi ta yi aiki, tun garin nan ana kiransa Abuja kafin a mayar da shi Suleja, an san ta da abu ɗaya: ba ta barin marar lafiya ya kwana ya wuni a gefe guda. Gajeriyar mace ce mai faɗan tsiya, amma hannunta da sanyi. Duk wanda ciwo ya kayar har ya kasa motsi, sai ta juya shi duk bayan awa biyu, ta wanke masa baya, ta tsane, ta barbaɗa hoda, ta ja zanen gadon har ya miƙe sumul. Kullum tana gaya wa sababbin ma'aikata cewa kwanciya ma ciwo ce, tana cin fata tun daga ƙugu, kuma kada su yarda da bakin kowa sai sun gani da idonsu.

To, a daminar saba'in da huɗu ɓarin jikin surukinta Malam Jatau ya shanye a garinsu Izom. Mijinta Tanko direban babbar mota ne, yau yana Minna gobe yana Kaduna. Tsohon kuwa ya rantse ba zai kwanta a asibiti ba. Aka shimfiɗa masa tabarma a ɗakinsa, matarsa Inna, wadda ita ma da ƙyar take ɗaga tulu, ta zauna jinya.

Ladi takan je duk ranar hutunta. Sai dai fa tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da Malam ba, ba ta taɓa faɗar sunansa ba, ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe shi, shi ma ya amsa yana kallon bango. Mutanen Izom har misali suke yi da ita, wai ga 'yar boko mai kunya.

Haka ta ci gaba da yi. Ta kawo hoda da sabulu, ta tara ƙannen Tanko a tsakar gida, ta kwantar da ɗayansu a tabarma ta nuna musu yadda ake juya mutum. Duk zuwa sai ta tambaya ko ana juya Baba, su ce sosai ma. Ƙarya suke yi? Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Suna juya shi da asuba kafin su tafi gona, su dawo da magariba a gajiye liƙis. Ita kuwa, matar da ba ta yarda da bakin kowa, ta yarda, don yardar ta fi mata sauƙi. Abin da ke ba ni haushi ke nan har yau.

Wata Lahadi da hantsi ta durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, sai iska ta kaɗo labule, wani wari ya bugo ta. Warin ta sani, ta sha jin sa a jikin waɗanda ake kawowa daga ƙauye bayan an makara. Inna ta ce ai turare ne ya ƙare. Ladi ta tashi ta cire takalmi ta shige ɗakin, Inna na bin ta da salati.

Malam ya rame, jikinsa zafi rau. Da ya ga ko wace ce, ya sa hannunsa mai lafiya ya damƙe mayafinsa da ƙarfin da ya rage masa.

“Baba, ka yafe mini,” in ji ta. “Yau sai na duba.”

Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta juya shi. Tabarmar ta manne da fatar. Gyambon da ke ƙugunsa ya kai faɗin tafin hannu, ya yi baƙi, ya zurma har ana ganin ƙashi. Ta sa aka dafa ruwa da gishiri, ta wanke, tana kuka ba sauti. Shi ma hawaye ne ke gangarowa cikin kunnensa, bai buɗe ido ba har ta gama.

Ranar ta sa aka ɗauko shi a mota zuwa asibiti. An yi allurai, an yi ƙarin ruwa, ita ce juyi ita ce wanki, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Bai yi sati ba ya rasu.

Ladi ta ƙara shekaru tana aiki, faɗanta ya ƙaru, dariyarta ta ragu. Izom kuwa ba ta sake jin daɗin zuwa ba. Babu wanda ya taɓa tuhumarta kan makonnin da ta yi tana gaisuwa daga bakin ƙofa. Abin da suka riƙe, har Inna ta mutu tana faɗa, shi ne matar Tanko ta yaye wa surukinta mayafi.